Rigar Kaka: Amsa Ga Mai Sauraronmu Na Sandamu Kan Garuruwan Saƙa Da Rini

A yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin kuwa tambayar da ke cikinta ta isa a shimfiɗa mata tabarma. Waɗanda suka aiko da tambaya a kan takin zamani da ciwon kaji su yi mana haƙuri sai mako mai zuwa.

Wasiƙar ta fito ne daga wani dattijo a ƙaramar hukumar Sandamu, cikin masarautar Daura ta Jihar Katsina. Da ajami ya rubuto ta, ya kuma roƙa kada a faɗi sunansa saboda maganar ta shafi cikin gida. Mun ji, mun karɓa. Ga abin da ya ce.

TAMBAYA: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni manomi ne, da rani kuma nakan taɓa sayar da yadi a kasuwannin ƙauye. Kakana marini ne, har yau akwai bakin rijiyoyin baba guda uku a bayan gidanmu, sun cike da shara. Ya bar mana wata riga kore wadda aka ce a Kura aka rina ta, tana nan cikin adaka. Kwanan baya wani dillali ya zo ya taya ta kuɗin buhun gero huɗu. Ɗana da ke sakandare ya ce in sayar, wai tsumma ce, wai mu ba mu taɓa yin abin kirki ba, tufa tun asali daga Turai take zuwa. Maganar ta tsaya mini a rai. Ina so a gaya mini gaskiya. Shin an taɓa kai tufar ƙasar nan ƙasashen waje? Su Turawan, suna da garin da ya rayu da saƙa kamar yadda ake faɗin Kano? In haka ne, me ya kashe sana'ar? Kuma rigar nan, in sayar ko in bari?"

AMSA: To Baba, Allah ya ƙara girma, mun gode. Da farko dai kada ka yi fushi da yaron. Abin da ya buɗe ido ya tarar ke nan. In ya shiga kasuwar Daura ko Kantin Kwari, duk bandir ɗin da ya ɗaga sai ya ga tambarin wata ƙasa. Ka kira shi ya zauna kusa da rediyo, in kuma shirin ya wuce shi, ka ba shi jaridar ya karanta maka da bakinsa.

Amsar tambayarka ta farko ita ce e, an kai, kuma an daɗe ana kaiwa. Amma kafin mu shiga labarin, ga wani misali da nake so ka riƙe. Garin da ke rayuwa da tufa kamar tukunya yake a kan murhu, duwatsu uku ke riƙe da shi. Na farko kayan aiki, watau auduga ko gashin tumaki da abin rini. Na biyu hannu, watau masu sana'ar. Na uku hanya da kasuwa. Ko wanne ya goce, tukunya ta kife.

Bari mu fara da ƙasar kanta. In ka tashi daga Sandamu ka bi titin da ya ratsa Kazaure da Dambatta, tun kafin ka hango birnin Kano za ka lura gonaki ba su yankewa, ƙauye na kallon ƙauye. A wannan yanki an daɗe ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, domin jakai na kwaso taki da shara daga birni, su koma da hatsi da itace. Ƙasar na karɓar gero da dawa, tana kuma karɓar auduga da baba. Ka ga dutse na farko a gonar mutum yake, ba sai ya roƙi kowa ba. Damina kuwa wata huɗu ce ko biyar. Sauran watannin manomi ba shi da aikin gona, saboda haka da an kai amfani gida sai wannan ya koma masaƙa, wancan ya koma marina, mata su ɗauki mazari. Dogon ranin nan da muke kuka da shi, shi ne ya ba Kano dutse na biyu. A kudancin birni kuma ga kogin Kano da na Challawa, waɗanda suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Rini ba ya yiwuwa sai da ruwa mai yawa, shi ya sa garuruwan wannan shiyya irin su Kura da Bunkure suka yi suna a kansa.

Dutse na uku shi ne hanya. Kano tana zaune a mahaɗa. Ta arewa ayari kan bi ta Damagaram da Agadas da Gat har Tarabulus, kuma ƙasar Daura na kan wannan hanya, ana sauke gishiri da kanwa, ana ɗaukar tufa da fata. Watau Baba, ba mamaki raƙuman da suka ɗauki irin rigarka sun sha ruwa ba nisa da gidanku. Ta yamma fatake na zuwa Gwanja sayen goro, ta gabas Barno, ta kudu Nupe da Ilori.

Littafin Tarihin Kano ya fara lissafin sarakuna daga Bagauda a shekarar 999, bayan mutanen da suka riga shi zama a gindin Dala. A zamanin Sarki Yaji, daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da ilmi da fatauci. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi, kuma marinar Ƙofar Mata da kowa ya sani ana danganta kafuwarta da shekarar 1498. Amma babbar bunƙasar ta zo ne bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda aka fara a 1804. Ƙasashen da da suke yaƙar juna suka koma ƙarƙashin tuta ɗaya, kasuwa ta faɗaɗa. Katsina, wadda da ita ce uwar fatauci, ta shiga fama da hare-haren Maraɗi, sai attajirai da masu sana'a da yawa suka karkata Kano. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe fatauci. Akwai kuma abin da ba shi da daɗin faɗa amma gaskiya ne: wani kaso na audugar da babar, bayi ne suka noma su a rinjin sarakuna da attajirai.

Yanzu bari in warware wa yaron irin hannuwan da rigar kakan ubansa ta bi, ko ya daina ce mata tsumma. Ni kaina na tarar da kakata tana wannan aiki ina yaro. Za ta gurje auduga a kan dutse da ɗan ƙarfe ta fitar da gurya, ta shiɓe ta da bakan shiɓa har ta yi laushi, sannan ta zauna da taskira da mazari, tana shafa alli a yatsu tana kaɗi. Zaren babbar riga ɗaya aikin watanni ne. Daga nan sai masaƙi. Zai ja zaren tsaye mai tsawo ya ɗaure a jikin kunkuru, watau abin nan da ake ɗora wa dutse yana jawowa a hankali, ƙafafunsa na taka allira, hannunsa na jefa ƙoshiya. Abin da ke fitowa siririyar saƙa ce, ta turkuɗi ma faɗinta bai wuce na yatsa ba, sai maɗinki ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya harhaɗa. Akwai saƙi mai kama da jikin zabuwa, akwai barage da ake sa wa jan alharini, akwai ta tsamiya, ga gwado ga luru na rufa.

Sai marina, inda kakanka ya yi rayuwarsa. Rijiyar baba ta fi tsayin mutum zurfi, wata ma ta ninka. Ana shafe cikinta da laso, wanda ake haɗawa da katsi da gashin jima da ruwan dafara, don kada ta tsotse ruwa. Wannan laso shi ne simintinmu tun kafin siminti ya zo. A cika ta da ruwa, a zuba busasshen baba da toka da katsi, a bar ta kwanaki tana ruɓa, ana motsawa da muciya, har kumfa ta taso marini ya gane ta nuna. Abin mamaki, in an tsoma farin ƙyalle aka ɗaga, da launin kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya juye shuɗi a gaban idonka. A tsoma, a ɗaga, a shanya, a sake tsomawa, har sai ya yi baƙi wuluk. In baba ya mutu, a kwashe laka ta ƙasa a ƙona, ta zama katsin gobe. Ba abin da ake zubarwa.

Na ƙarshe su ne mabuga. Su shimfiɗa tufar a kan gungumen icce, su barbaɗa shuni, su yi ta dukanta da sandunan bugu har ta ɗauki ƙyalli tana walƙiya a rana. A nan Kura ta gagari kowa, shi ya sa har yau ake cewa rawani ɗan Kura. Buzaye sukan ba da dukiya mai yawa a kansa, kuma shunin da ke zuba a fatarsu abin ado ne a wurinsu, har Turawa suka riƙa ce musu shuɗɗan mutane. Ka ƙirga da kyau: manomi, mai kaɗi, masaƙi, maɗinki, marini, mabugi, dillali, falke. Gida takwas ke cin abinci daga riga ɗaya.

In yaron ya ce sai ya ji shaidar Bature, to ga ta. A watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Dabo, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano. Ya ƙiyasta mazauna birnin dubu 30, suna kai dubu 60 a lokacin zuwan fatake. Ya rubuta cewa akwai rijiyoyin baba fiye da 2,000 a cikin birni kaɗai, kowace ana biya mata kuɗin karofi wuri 700. Ya ƙiyasta tufar da ake yi a shekara ta kai ta wuri miliyan 300, kuma ya ce tana zuwa Murzuk da Gat da Tarabulus, tana zuwa Tumbutu, har mutanen Argin da ke bakin tekun Atlantika a ƙasar Muritaniya ta yau suna sa ta. A Barno kuwa ƙyallen auduga da ake kira gabaga kuɗi ne ake ciniki da shi. Daga baya wani masanin tarihi, Philip Shea, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, ya bi garuruwan Kano ya nuna cewa zuwa ƙarshen wancan ƙarni rijiyoyin masarautar sun haura dubu 10. Sai dai mu ba yaron ɗan haƙƙinsa: tun a lokacin Barth akwai yadin Ingila a kasuwar Kurmi, ta sahara yake shigowa. Yana nan, amma bai kori na gida ba.

Ko harshenmu ma shaida ne. A Kano akwai Karofin Zage da unguwar Soron Ɗinki. A ƙasar Dutsin-ma akwai gari sukutum mai suna Karofi, inda Sarkin Kano Abdullahi ya rasu, har ake ce masa Maje Karofi.

To mu je ga tambayarka ta biyu. E, Turawa ma suna da irin waɗannan garuruwa. A yankin da ake kira Filandas, cikin ƙasar Beljiyam ta yau, akwai manya uku: Gent da Buruj da Ipar. Zan ɗauki Ipar domin labarinsa ya fi kama da namu. Garin yana yammacin Beljiyam dab da iyakar Faransa, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai laka da damshi, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa kamar namu. Auduga ba ta yi a can, saboda haka da gashin tumaki suke saƙa. Wani ɗan kogi ya ratsa garin, suka gyara shi ya zama hanyar jiragen ruwa zuwa teku.

A ƙarni na 13, lokacin da Kano ke faɗaɗa cikin ganuwarta, Ipar na cikin manyan garuruwan arewacin Turai, wasu masana na kai yawan mutanensa dubu 40. Tufarsa ta je Italiya, ta je har Nobgorod a ƙasar Rasha. Suka gina wata makekiyar rumfar tufa, tsawonta mita 125, da hasumiya mai mita 70, aka gama ta a 1304. Kowace sana'a da ƙungiyarta da shugabanninta, kamar yadda muke da sarkin marina da sarkin maƙera. Kuma ka saurari wannan da kyau: ba a fitar da bandir daga garin sai masu duba sun auna tsawonsa da faɗinsa, sun duba saƙar da rinin, sannan su manna masa hatimin dalma. Mai saye a ƙasa mai nisa, da ya ga hatimin, ba ya buƙatar warwarewa.

Su ma da shuɗi suke rini, daga wani ganye nasu wanda sinadarin da ke cikinsa ɗaya ne da na babanmu. Hannun ma'aikatansu kan rine kamar na kakanka, har masu kuɗi suna musu ba'a da sunan masu shuɗin farce. Attajirai na cin riba, ma'aikata na shan wuya, abin da ya kai su ga bore a 1280. Akwai ma wata al'ada tasu ta jefo kyanwa daga saman hasumiyar nan, wasu na cewa kyanwoyin da aka ajiye ne don su tsare tufa daga ɓera. An daina jefo mai rai tun 1817, yanzu na ƙyalle ake jefowa a bikinsu.

Me ya kayar da Ipar? Dutsen farko ba nasu ba ne. Gashin tumaki mai kyau daga Ingila suke saye. A 1336 Sarkin Ingila Edward na Uku ya hana fitar da gashin saboda rigimarsa da Faransa, masaƙa suka zauna ba aiki. Daga baya Ingilishi suka yi ta lafta wa gashin haraji, suka kuma dage da saƙa abinsu a gida. Ƙananan garuruwan kusa, irin su Poperinge, suka riƙa kwaikwayon tufar Ipar suna sayarwa da araha, har mutanen Ipar suka kai musu hari, amma ba a korar araha da sanda. A 1383 rundunar Ingila da mutanen Gent suka kewaye garin, unguwannin bayan ganuwa inda ma'aikatan tufa suke zaune suka halaka. Ƙidayar 1412 ta sami mutum dubu 10 da 'yan kai. A yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, garin ya zama kufai, a kusa da shi ne ma Jamus ta saki iskar guba a 1915. Amma mutanen suka sake gina rumfar tufar nan yadda take, suka gama a 1967, yau gidan tarihi ce. Saƙa ta daɗe da barin garin, amma ba su yarda a manta da ita ba.

To mu fa, me ya same mu? Namu ya fi nasu jurewa, domin audugar da babar a gonarmu suke. A 1897 wani kamfanin Jamus mai suna BASF ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, darajar baba ta fara faɗuwa a duniya. A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano. A 1911 jirgin ƙasa ya iso, kuma a shekarar ce Italiya ta kama Tarabulus. Hanyar raƙuma ta mutu, kaya suka koma zuwa ta teku. Ƙungiyar masu masaƙun Ingila, BCGA, wadda aka kafa a 1902, ta sa rai jirgin zai kwashe mata audugar Kano. Ina! Masaƙan gida sun fi ta tayi mai kyau, manoma kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, suka juya gare ta daga 1912, wanda shi ne mafarin dalar gyaɗa. Sai BCGA ta fi ƙarfi a shiyyar Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Amma a hankali akoko da alawayyo da atamfa suka cika kanti. Abin da mace za ta yi wata tana kaɗawa, inji ya kaɗa kafin a sha fura. Dama a rina, wai an saci zanen mahaukaciya.

Shugabanninmu na farko sun ga haka, suka ce to mu ma mu kafa injin. A 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna, UNTL ta biyo a 1964, wasu suka tashi a Bompai da Sharaɗa a Kano, ta Funtuwa ta zo a 1978. Dubban magidanta suka ci abinci a nan. A 1986 aka rushe hukumar sayen auduga, manomi ya rasa tsayayyen mai saye da tsayayyen iri. A 1997 aka ɗage takunkumin shigo da yadi. Yadin Sin mai araha ya kwararo, wani ta ƙofa, wani ta ɓarauniyar hanya, ku da ke kusa da iyaka kun fi ni sanin wannan. Ga rashin lantarki, ga tsadar baƙin mai. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta Kaduna ta tsaya a 2007. Watau a wannan karon, ban da duwatsun da suka goce, murhun ma babu wuta a cikinsa.

Duk da haka sana'ar ba ta mutu murus ba. A Ƙofar Mata akwai rijiyoyi fiye da ɗari, ko da yake kaɗan ne ke aiki, kuma a Kura akwai sauran masu yi wa Buzaye rawani. Rinin shadda na zamani kuwa yana ciyar da matasa da yawa a Kano.

Saura maganar rigar. Ni ɗanka ne Baba, shawara kawai zan bayar. Na ɗaya, rigar nan gado ce. In kana da 'yan'uwa ko 'ya'yan baffanni da ke da haƙƙi a ciki, ba naka ba ne kai kaɗai ka sayar, ka tuntuɓi malamai tukuna. Na biyu, kai ɗan kasuwa ne, ka san wanda ya buɗe tayi da buhu huɗu ya hango abin da ya fi haka. Irin waɗannan riguna suna ajiye a manyan gidajen tarihi na Turai. Na uku, akwai dokar 1979 wadda ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izinin hukumar gidajen tarihi ba, kada wani ya jefa ka cikin abin da ba ka sani ba. In kana son sanin darajarta, ka kai ta Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Katsina su duba. In yunwa ce ta matsa, ba wanda zai zarge ka, rai ya fi riga. In kuwa rumbu da sauran hatsi, ni dai da ni ne da na bar ta. Gero huɗu kafin damina ya ƙare, masu yin irin wannan riga kuwa sun kusa ƙarewa.

In za ka ajiye, kada a wanke ta da sabulu ko omo. A naɗe ta cikin farin ƙyallen auduga, ban da leda, a ɗaga adakar daga ƙasa saboda gara, a riƙa fito da ita tana shan iska a inuwa. Rijiyoyin kuma a kwashe sharar, a rufe bakinsu da kyau saboda yara da sauro, amma kada a fasa lason. Ka kai yaron ya taɓa shi da hannunsa, ya ga shekara nawa ya yi bai tsage ba.

Ku kuma sauran jama'a, ku tuna da hatimin dalmar nan na Ipar. Manomin da ke yayyafa wa auduga ruwa ko ya zuba yashi don ta yi nauyi, da wanda ke ɗura ta a buhun leda zaren ledar ya shiga ciki ya ɓata saƙa, sunan audugar garinsu duka yake kashewa. Kuma kafin ka ba auduga gonarka, ka san mai saye, ka san inda irin ya fito, domin cibiyar bincike ta Samaru tana da irin da aka tace. Mai sayar da yadi shi ma, in ya san wannan yana zuba, ya faɗa wa mai saye. Abin da ya sa Buzu ya ratso sahara yana neman ɗan Kura shi ne ya san abin da zai tarar in ya kwance takardar.

Kai kuma ɗana ɗan sakandare, ban ga laifinka ba, tambaya ce ba ka yi ba. Ka zauna da Baba da sauran tsofaffin garinku, ka ɗauki biro ka rubuta sunayen kayan marina da yadda ake haɗa baba tun suna raye, in ka gama ka aiko mana mu karanta a wannan fili.

Jama'a, a nan lokaci ya cim mana. A ci gaba da aiko da wasiƙu, da boko ko da ajami duk muna karantawa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka a kasuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.